Gatarin Aradun Inna

Ni na saci dutsen. Gara in faɗa tun daga nan, don na gaji da kewaye-kewaye. Ranar wata Alhamis ce da bazara, a tsakiyar shekarun tamanin, lokacin muna haya a Makera ta Kaduna, ciki da falo a wani gida da yawancin mazaunansa ma'aikatan masaƙa ne. Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, ta ɗauki buta ta zagaya, matata kuma tana tsakar gida tana dama koko da tsohon cikinta. Na buɗe adakar Inna, na zaro wani ƙullin tsumma daga ƙarƙashin zannuwa, na jefa a aljihu, na hau kekena na tafi makarantar da nake koyarwa.

Dutsen baƙi ne wuluk, tsawonsa bai wuce tafin hannu ba, ga santsi kamar sabulu. Bakinsa ɗaya faffaɗa ne mai kaifi, ɗayan a tsuke. A ƙauyenmu gatarin aradu ake ce masa. Wai idan aradu ta faɗi shi ne yake tsaga itace ya nutse cikin ƙasa, sai bayan shekaru ya taso, mai rabo ya tsinta a gona. Kakar Inna ce ta tsinci wannan. Wasu gidajen rantsuwa suke yi da irinsa, amma matan gidanmu sun mayar da shi na haihuwa. In naƙuda ta tashi sai a jiƙa shi a ƙwarya, mai cikin ta sha ruwan, wai yadda ya tsaga itace haka zai buɗe hanya. Liman ya yi faɗa har ya gaji, matan suka yi kunnen uwar shegu da shi. Inna takan ce, “Allah ne mai yi, ban musa ba. Amma ku bakwai da ruwan nan na haife ku, kuma ga ku nan kuna cin tuwo.”

Ni kuwa a lokacin boko ya hau mini kai. Haihuwar matata ta farko da ta biyu, ni na aika wa Inna cewa ta yi zamanta a ƙauye da camfinta, mu a birni muke, akwai asibiti. Duka biyun mun je asibitin, duka biyun ta dawo gida bayanta babu goyo. Matan gidan hayar suka fara ƙus-ƙus, kalmar wabi tana yawo a bakin famfo. Da ta samu ciki na uku ba ta ko shawarce ni ba, ita da kanta ta ba wani direban garinmu saƙo. Inna ta iso da adakarta a ka. Tun daga ranar, kusan kullum da yamma sai matata ta ce a kwance mata ƙullin, ta riƙe dutsen, ta shafa, ta ɗora a kan cikinta. Wata rana ta dube ni ta ce, “Malam, asibiti zan je, ban ƙi ba. Amma wannan karon ƙafata ba za ta ƙetare ƙofar nan ba sai na sha ruwan.” Na ce to, don a zauna lafiya.

Tarihi nake koyarwa a wata sakandare wajen unguwar Television. A zangon nan 'yan aji uku sun zo kan darasin mutanen farko, kuma littafin guda ɗaya ne tak, nawa. Sai in ɗaga shi sama in zagaya da shi layi-layi ina nuna musu hotuna: ƙoƙon kai, muƙamuƙi mai haƙora uku, ƙashin ƙugu, duk an tono su a gabashin Afirka, sun daɗe a ƙasa har sun zama dutse. Ina son darasin nan, wallahi ina sonsa. Ina gaya musu yadda masana ke duban ramin da ke ƙarƙashin ƙoƙon kai da fasalin ƙugu su gane cewa mai ƙashin da ƙafa biyu yake tafiya, yadda haƙori ke faɗin abin da mai shi ya ci, yadda kai ya yi ta girma a hankali. Yaran nan, 'yan Filato da 'yan Binuwai da 'ya'yan Hausawan Makera, ba abin da ya taɓa haɗa kansu kamar yi mini dariya. A bayan idona malamin birai suke ce mini. Ranar Laraba wata yarinya a layin gaba, mai bakin tsiya, ta ɗaga hannu ta ce, “Malam, kai ka taɓa ganin ƙashin nan da idonka, ko kai ma hoton ka gani?”

Aji ya kwashe da dariya har da buga tebur. Ni kuma ina da zuciya, kowa ya sani. Na koma gida ina huci, na buɗe littafin ina juya shafi ba don ina karantawa ba, sai idona ya faɗa kan hoton makaman dutse. Na ƙarshe a jerin, wanda aka goge ya yi santsi, ai na Inna ne sak. Bai kai ƙasusuwan nan tsufa ba ko kusa, mutane irinmu ne suka yi shi shekaru dubbai da suka wuce, suna sare itace da shi kafin a san ƙarfe. Amma a ƙasarmu aka yi shi, kuma yana cikin ɗakina. Na ce gobe yarinyar nan za ta gani da idonta.

Ta kuwa gani. Dutsen ya yi ta yawo daga hannu zuwa hannu, aji ya yi tsit, wani ya gwada kaifin a bayan farcensa. Na nuna musu inda ake ɗaure shi a ƙota. Ina cikin wannan jin daɗi sai ga shugaban makaranta ya leƙo, wani dattijo mutumin Filato, mai son aikinsa. Ya karɓa ya jujjuya, ya ce mahaifinsa ya sha tono irinsa a ramin kuza. Sannan ya ce ranar Litinin masu duba makarantu za su zo daga ma'aikata, in bar shi a ofis a nuna musu irin koyarwar da ake yi a nan. Lokacin ana ta sallamar ma'aikata, kowa yana so a ga ƙoƙarinsa. Na yi lissafi a zuci: nas ta ce saura mako uku. Kwana huɗu kacal, in Inna ta nema sai in yi mata 'yan dabaru. Na ce, “Ba damuwa, ranka ya daɗe.” A gabana ya sa shi a kabad ɗin ƙarfe, inda ake ajiye takardun jarrabawa, ya murɗa makulli.

Alhamis da Juma'a Allah ya rufa mini asiri, matata ba ta jin daɗin jikinta, da wuri ta kwanta, ba ta nemi ƙullin ba. Asabar da safe ina shan shayi na ji ta kira Inna da wata irin murya. Kafin in ajiye kofi faya ta fashe. Aka kira unguwarzoma daga bayan layinmu. Ina tsaye a bakin ƙofa na ga Inna ta durƙusa gaban adaka, ta ɗaga zani, ta ɗaga wani, ta zazzage kayan duka a tabarma. Ba ta yi ihu ba. Ta ɗago kai kawai ta dube ni.

Ta ja ni zaure. “Ina yake?”

Na faɗa mata. Ban taɓa ganin fuskar Inna haka ba. Ta ce, “Ka kai wa yara su yi wasa da shi? Kai, Allah ya shirye ka. Maza ka ɗauko, yanzun nan.” Ta koma ciki, ina ji tana gaya wa matata wai ta ara wa wata 'yar'uwarmu a Tudun Wada da 'yarta ta haihu, ga shi an aike ni in karɓo. Matar da ban taɓa jin ta yi ƙarya ba, ranar ta yi saboda ni.

Kafin in fita na shiga na tsuguna kusa da gadon. Na ce, “Ki tashi mu je asibiti, in ya so sai in kawo miki ruwan can.” Ta damƙe ƙarfen gadon da hannu biyu. Ta ce, “Sau biyu na bi maganarka, Malam. Sau biyu. Ka je ka kawo.” Unguwarzoma ta ce da sauran lokaci, amma kada in daɗe.

Na taka keken nan kamar zan karya shi. Makaranta ba kowa sai maigadi, wani tsohon soja. Ofishin shugaba ƙofar ƙarfe ce da ƙaton kwaɗo. Na ce, “Baba, makullin ofis.” Ya ce yana wurin Oga. Na juya sai unguwar Romi, gidan shugaban, rana ta fara zafi, rigata ta jiƙe sharkaf. Na tarar da gida a rufe. Maƙwabciyarsu tana shanya ta ce tun jiya da yamma suka tafi garinsu jana'izar yayansa, sai Lahadi da dare ko Litinin da sassafe. Na tambaye ta ko ya bar makulli, ta dube ni kamar mahaukaci. Na sake komowa makaranta, na ɗauki wani guntun rodi a bayan ajin da ake ginawa, na nufi ƙofar. Maigadin ya sha gabana.

“Malam, me za ka yi?”

“Matata ce a kan gwiwa, Baba. Akwai abin da zan ɗauka.”

“Magani ne?”

Na ce dutse ne. Ya ce, “Dutse? Takardun jarrabawa ne a ciki. Zamanin soja muke. Ka ɓalle ƙofar nan, ni da kai gidan yari za mu ƙare, kuma ko ka shiga, da me za ka buɗe kabad ɗin? Ka kai matarka asibiti, ɗana.” Na yi masa tsawa, na zage shi, tsohon da a haife ya haife ni. Bai gusa ba. Gaskiyar magana kuma, da na so da na ture shi. Gidan yarin na ji tsoro, na jefar da rodin.

Na koma Makera wajen azahar, ban shiga ba, na aika aka kira mini Inna. Daga zaure ina jin nishin matata. Inna ta ce unguwarzoma ta ce kan ɗan ya ƙi saukowa, a tafi asibiti, sun yi lallashi sun yi faɗa, har sun gwada ɗaga ta, ta riƙe gado tana kuka tana cewa kashe mata ɗa za su yi. Na ce to mu gaya mata gaskiya. Inna ta ce, “A wannan halin? Ka gaya mata babu shi, zuciyarta ta buga? Ka nemo, ko a ina ne.”

Ko a ina ne. Wa zan tambaya a Kaduna ya ba ni gatarin aradu? Na tsaya wurin masu magani a bakin kasuwa, ɗaya ya ce ya san mai shi amma a Zariya yake, ɗaya ya miƙo mini farin dutsen wuta yana rantsuwa shi ne. Daga nan ne tunanin ya zo mini. Ni ne fa na tsaya gaban yara sittin na ce mutum ne ya yi abin nan da hannunsa, ya goga dutse a kan dutse da ruwa da yashi. Mutumin da ko wando bai sani ba. To ni mai takardar shaidar malanta me zai hana ni?

Na gangara kogi. Da bazara ruwan ya janye, duwatsu sun fito fili, mata suna wanki, masu yashi suna loda mota a can gefe. Na yi ta tona har na samu wani baƙin dutse mai ɗan tsawo. Na durƙusa a kan wani falalen dutse, na watsa ruwa da yashi, na fara gogawa. Na goga, na goga, na goga. Jiniyar masaƙa ta yi kukan canjin aiki na ƙarfe biyu, na ɗaga dutsen na duba, ɗan fari-fari ne kawai a gefe ɗaya, wurin bai fi farce ba. Na ce bari in fasa bakin da wani dutse ya yi faɗi tukuna. Bugu na uku ya rabe biyu. Na sake neman wani. Fatar yatsuna ta saluɓe, yashi yana shiga ciki, ruwan da nake watsawa ya koma ja-ja. Wata mai wanki ta ce, “Bawan Allah, lafiya?” Ni dai kuka nake yi, majina da hawaye, ina gogawa ina cewa ya Allah, ya Allah.

A kan dutsen nan na gane abin da littafina bai faɗa ba. Wanda ya yi na Inna kwanaki ya yi a kai, ko makonni, kuma wani ne ya koya masa, shi ma wani ya koya masa, ya san dutsen da zai zaɓa da wanda zai bari. Ni ban san komai ba sai hoto. Wani abu kuma da na koyar da bakina ya dawo mini, wai tafiya da ƙafa biyu ta tsuke ƙugun mutum, kai kuma ya yi girma, shi ya sa haihuwar 'yan Adam ta fi ta dabbobi wuya. Na rubuta shi a allo da alli, har na ja layi a ƙarƙashi. Na san abin da ke faruwa a ɗakina sarai, na san wuƙar likita yake bukata, amma ga ni a bakin kogi ina goga dutse.

Da na ji kiran sallar la'asar na miƙe da abin da na samu. Gefe ɗaya ya ɗan kwanta, sauran duk gargada. Ko makaho ba zai ruɗe ba. Na kai wa Inna a zaure. Ta karɓa, ta shafa da babban yatsa sau ɗaya, ta dubi hannuwana, ta dube ni. Na jira ta jefe ni da shi. Sai ta kwance bakin zaninta ta yage ƙyalle, ta naɗe dutsen tam, ta jefa a ƙwarya, ta zuba ruwa.

Na bi ta har ƙofar ɗaki. Matata ta yi laushi, leɓɓanta sun bushe, idanunta sun faɗa. Ta ce, “An kawo? Inna, in gani.” Inna ta ce, “Ga shi nan a ƙulle, ba a buɗe shi a gaban namiji ranar haihuwa. Yi bisimilla ki sha.” Babu wata al'ada irin wannan, a take ta ƙirƙiro ta. Matata ta leƙa ƙwaryar, ta ga baƙin abu a ƙasa, ta kafa kai ta shanye. Ta saki ƙarfen gadon. Ta ce, “To, mu tafi.”

Shi ke nan fa. Abin da ake nema tun safe ke nan. Da tun da hantsi na tsinci kowane dutse a bakin kwata na naɗe a tsumma, da an wuce wurin. Wannan tunanin ya fi komai cina, har yau in ya zo mini sai in tashi in fita waje.

Wani maƙwabcinmu mai a-kori-kura, mutumin Binuwai, ya bar abincinsa ya kai mu. Muna isa aka wuce da ita ɗakin tiyata. Da likitan ya fito ya tambaye ni tun yaushe take naƙuda, na ce tun safe. Ya ce, “Tun safe kuna ina?” Na sunkuyar da kai. Ya ce uwar za ta tashi in Allah ya so. Yaron namiji ne, ƙato, kuma bai daɗe da rasuwa ba, da mun zo ko da azahar ne da wata maganar ake yi. Washegari na ɗauke shi a hannuna, ni da maza huɗu daga gidan hayar, muka kai shi maƙabarta. Bai yi nauyi ba, amma yatsuna da suka saluɓe sun yi ta zugi a jikin likkafanin.

Litinin na je makaranta. Shugaban ya dawo, ya ji labari, ya yi mini ta'aziyya da hannu biyu, ya ce masu duba makarantun ma sun ɗaga zuwansu. Bai san komai ba, ban kuma gaya masa ba. Na karɓi dutsen na wuce asibiti. Inna tana zaune a baranda da kwanon kunu. Na miƙa mata. Ta karɓa ta soke a ƙugu ba tare da ta duba ba. Ta ce, “Daga bakina ba za ta ji ba. Saura kai, ka san abin da ya dace.” Na ce zan faɗa mata, yau ɗin nan. Da gaske nake, na shirya maganar tun a kan keke, kalma bayan kalma.

Na shiga. Gado na huɗu daga ƙofa, an ɗaura mata ruwa a hannu. Matar gadon kusa tana shayar da jariri, matata ta juya fuska bango. Na zauna a bakin gadon. Ta juyo a hankali, ta ga tsumman da na naɗe yatsuna, ta ce me ya same ni. Na ce keke ne. Ta kama hannun ta riƙe a hankali don kada ta fama mini.

Ta ce, “Malam, ka sha wahala saboda ni. Har Tudun Wada a cikin ranar nan. Inna ta baro garinta, ta kawo abin da ta haifi 'ya'ya bakwai da shi. Na sha, Malam, ka gani da idonka, har na shanye. Kowace mace a gidanku ta sha ta sauka lafiya, ban da ni.” Hawaye ya gangaro mata ta gefen ido zuwa kunne. “Da ina cewa don ban sha ba ne. Ashe ba ruwan ba ne, jikina ne ba ya riƙe ɗa. 'Ya'yanka uku na zubar maka. Don Allah ka yafe mini.”

Inna tana tsaye a bakin ƙofar ɗakin da kwanon kunu, tana kallona. Na buɗe baki. Maganar da na shirya tana nan a kan harshena, ba abin da na manta a ciki.

Na ce, “Ba komai. Na yafe miki.”